Gyangyaɗin Iya Hansai

A gidanmu ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar gumi ce muke samu a kyauta. Kakata Iya Hansai, mahaifiyar babanmu, sana'arta ke nan tun kafin a haife ni: ta jiƙa shinkafa shanshera ta kwana, ta turara ta a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, sannan a kai inji a casa. Da ɓuntun shinkafa take hura wutar, shi kuwa ɓuntu ba ya mutuwa da wuri. Idan ta sauke tukunyar ƙarshe wajen magariba, sai ya yi ta ci a hankali yana ja. Nan muke zagayewa, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta, mu tura dankali cikin toka, ita kuma ta miƙe ƙafafu har a kira isha'i.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a jikin babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin rani, wadda kowa ke kira kanal. Daga ƙofar zaurenmu zuwa bakinsa bai kai tafiyar da mutum zai gaji ba. Gefensa siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi, kuma idan an sako ruwa ko babban mutum sai ya yi da gaske kafin ya fita. Duk yaron garinmu da jin wannan gargaɗin ya tashi.

Iya mace ce mai yi wa tsufanta dariya kafin wani ya riga ta. Haƙora huɗu suka rage mata a gaba. Ɗaya ya tsaya sak, ukun sun karkace. Takan nuna mana tsayayyen ta ce, "Wannan shi ne liman. Waɗannan mamu ne, sun tafi ruku'u tun bara, har yau ba su ɗago ba." Idan za ta tashi sai ta dafa gwiwa ta ce da ita, "To, Hajiya, a yi haƙuri, sau ɗaya ne." Ko tatsuniya ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga ta can tafe tana ɗingishi irin nawa." Mu kuma mu ce, "Ta lallaɓo mu ji ta."

Ina da shekara goma abin ya faru. Ranar Umma ta tafi suna Bunkure tun hantsi, Baba yana gona yana ba albasa ruwa. Kafin ta fita ta damƙa mini ƙanwata Nana, wadda ba ta cika shekara uku ba, ta ja kunnena ta ce, "Rabi, ko banɗaki za ki, ki tafi da ita."

Bayan la'asar ɓuntu ya ƙare wa Iya, ga tukunya a kan wuta. Ta ce in ɗauki buhu in je inji in ɗebo. Na sunkuya zan goya Nana, sai ta ce, "Da goyo za ki ɗauko buhu? Bar mini ita."

Na ce, "Iya, Umma ta ce..."

"Ni na goyi ubanki da ƙannensa shida. Wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta gagare ni? Wuce."

Na wuce. Na tarar da layi a inji, na jira. Da na dawo rana ta yi ja. Ƙofar zaure a buɗe take. Iya tana jingine da bango, kanta ya langaɓe a kafaɗa, muciya tana hannunta, wuta ta kusa mutuwa.

Na yar da buhun na girgiza ta. "Iya, ina Nana?"

Ta buɗe ido firgigit. Ta duba tsakar gida, ta nuna da muciya. "Ga ta can a zaune, me kike yi mini ihu?"

Na kalli inda ta nuna. Na ce, "Iya, turmi ne. Zane aka ɗora masa."

Har yau ina iya tuna yadda ta ƙura wa turmin ido, ta ƙanƙance su, ta sake buɗewa. Muciyar ta zame daga hannunta.

Na duba ɗakuna, na duba bayan rumbu, na leƙa gidajen maƙwabta ina kiran sunanta. Kafin a kira magariba unguwa ta ɗauka. Baba ya iso a guje da laka har gwiwa. Umma ta sauka daga mota ta tarar da mutane cike da ƙofar gida, ba ta ko cire mayafi ba. Baba ya ce, "Wa aka bar wa ita?"

Umma ta ce, "Rabi."

Duk suka juyo kaina. Na kalli Iya. Iya tana kallon ƙasa. A gidanmu yaro ba ya buɗe baki ya ce kakarsa ce ta yi, ko da kuwa ita ce. Na jira ta yi magana. Ba ta yi ba.

Baba ya nuna ni da yatsa. "Ki jira ni a nan."

Maza suka kwashi tocila da dogayen gora suka nufi kanal. Aka tura wani a keke wajen mai kula da ƙofar ruwa, a roƙe shi ya rufe. Mata suka shige ɗakin Umma da ita. Mu yara kuwa kowa so yake ya bi maza, har sai da Baba ya juyo daga zaure ya ce da mahaifiyarsa, "Iya, ki riƙe mini waɗannan, kada wani ya ƙara fita."

Sai ta ja buhun da na kawo, ta watsa ɓuntu a wuta, ta fifita har ta kama. Ta ce mu zauna. Muka zauna, mu takwas ko tara. Ni na zauna can nesa da ita, na rungume gwiwoyina. Ban taɓa jin haushin wani mutum kamar yadda na ji nata a wannan lokacin ba.

Ta ce, "Ga ta can tafe." Ba ta ƙarasa da ɗingishin ba. Yara biyu ne kawai suka amsa.

Tatsuniyar da ta ɗauko mun san ta, don ta sha ba mu. Labarin wata mata ce mai suna Ta-Sallah, wadda ta fi duk matan garinsu kyau da ƙarfi. Ita ke ɗaukar tulu biyu daga rafi, ɗaya a ka ɗaya a kafaɗa. Wata rana tana daka sai ta ji sallama. Ta leƙa ta ga wata baƙuwa da ƙunshi a hannu. Baƙuwar ta ce, "Sunana Tsufa. Ta-Sallah nake nema."

Ta-Sallah ta maƙale murya ta ce, "Ba ta nan. Ni 'yarta ce."

Tsufa ta ce, "Ba komai. Ki ajiye mata wannan." Da aka kwance ƙunshin, sai ga furfura ta tashi ta sauka a kan Ta-Sallah. Ta yi maza ta kankaro baƙin tukunya ta kwaɓa da man shanu ta shafe kanta.

Shekara ta zagayo, Tsufa ta dawo. Ta-Sallah ta ce, "Ta tafi unguwa. Ni jikarta ce." Tsufa ta ce, "Ashe? To bara na ba ta, bana karɓa na zo yi." Ta miƙa hannu ta zare haƙora uku kamar mai tsinkar kuɓewa. Ta-Sallah ta samo ƙwayar farar masara ta liƙa a gurbinsu da ƙaro.

A sauran ranaku, daga nan ne muke fara riƙe ciki. Domin Ta-Sallah takan ɗaure ƙirji tamau ta tafi dandali cikin 'yan mata, tana tsakiyar rawa ruwan sama ya sauko, baƙin tukunya ya gangaro mata har wuya, ta buɗe baki za ta yi salati, wani zakara ya yi tsalle ya tsince masarar ɗaya bayan ɗaya. Iya takan kwaikwayi zakaran da wuyanta, mu yi ta birgima a ƙasa.

Ran nan babu wanda ya yi dariya. Daga bakin kanal muna jiyo muryoyin maza, wani kusa wani nesa: "Nana! Nana!" Hasken tocila yana gilmawa ta saman katanga. Duk sanda aka kira sunan sai Iya ta dakata, sannan ta ci gaba.

Tana cikin maganar masara wani maƙwabcinmu ya shigo da sauri ya wuce mu zuwa ƙofar ɗakin Umma. Wani abu ne a hannunsa. Na gane shi tun daga nesa: ɗan gwangwanin madara da Nana take ɗiban ƙasa da shi. Na ji yana cewa a kan simintin kanal aka tsince shi. Umma ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, mata suka rufu a kanta suna ta innalillahi. Ƙananan cikinmu suka fashe da kuka. Wani yaro ya zabura zai fita, Iya ta cafke ƙafarsa.

"Zauna. Ban gama ba."

Amma ba ta kai Ta-Sallah dandali ba. Ta ce a shekara ta uku Tsufa ta sake zuwa, wannan karon ba ta yi sallama ba. Ta tarar da Ta-Sallah a bakin rafi za ta ɗauki tulu biyu. Ta ce mata, "Baiwar Allah, na san ke ce. Tun zuwan farko na sani. Gashi da haƙori wasa nake yi miki. Yau na zo in faɗa miki abin da na ɗauka ba ki sani ba, don kada ki ɗora wa kanki abin da zai faɗi." Ta-Sallah ta ce, "Ni ba ki ɗauki komai nawa ba." Ta ɗora tulu ɗaya a ka, ta ɗora ɗaya a kafaɗa, ta taka dutsen farko...

Nan Iya ta tsaya. Wata yarinya ta ce, "Sai me, Iya?" Ta ɗago kai tana sauraren takun da ke zuwa daga zaure.

Baba ne. Rigarsa ta jiƙe har ƙirji, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Hannunsa babu komai. Ya tsaya a tsakar gida kamar bai san gidan ba, sai idonsa ya faɗo kaina. Ya fizgi igiyar da ake ɗaure akuya daga jikin turke, ya ninka ta biyu.

"Taso. Ina kika tafi kika bar ta?"

Na miƙe.

"Ajiye igiyar nan."

Iya ce. Ta dafa bango ta tashi, ba ta yi wa gwiwarta wasan da ta saba ba. Ta zo ta tsaya tsakanina da shi. Baba ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ma cika kallonsa ido cikin ido ba. Ran nan ta kalle shi.

"Ni na aike ta inji. Ta ce mini uwarta ta hana, na ce ta bar mini yarinyar. Ta bar mini. Na zauna, barci ya ɗauke ni. Ba yau ya fara ba, kullum bayan la'asar sai ya ɗauke ni ina zaune, in farka in ce tasbihi nake yi." Ta ja numfashi. "Kuma ba na gani. Shekara biyu ke nan. Da murya nake gane ku. Shinkafar nan da hannu da hanci nake sanin ta yi. Ɗazu turmi na nuna wa yarinyar nan na ce ƙanwarta ce."

Matan da ke ɗakin Umma sun fito ƙofa.

Baba ya ce, "Iya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Don kada ku zaunar da ni a ɗaki ku riƙa miƙo mini tuwo kamar mai jego. Tun magariba nake zaune ina jin yarinyar nan tana haɗiye kuka saboda ni, na kasa buɗe baki. Tsoro na ji, da girmana. In duka za ka yi, ga wadda ta yi laifin."

Igiyar ta faɗi ƙasa. Baba ya durƙusa a inda yake, ya rufe fuska da hannu biyu. Umma tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon surukarta. Ban san abin da ke ranta ba, kuma ban taɓa tambayarta ba. Iya ta laluba bayanta har ta sami kaina, ta dafa. Hannunta sanyi ƙalau, duk da ta yini a bakin wuta.

Haka muke, ana shirin kiran isha'i, sai muka ji sallamar mace a zaure, da hayaniyar maza a bayanta. Wata Bafulatana ce mai kawo tallan nono garinmu, Dudu, daga rugar da ke tsallaken kanal, mijinta yana biye da ita da sanda. Ta shigo tana haki. Ta juya mana baya ta sassauta zane.

Nana ce, tana barci, bakinta duk busasshen nono.

Dudu ta ce tana komawa gida da yamma ta hango yarinya ita kaɗai a kan siminti, ta kwanta rubda ciki tana miƙa hannu cikin ruwa. Ta ajiye ƙwarya ta lallaɓa ta baya, don kada ta firgita ta, ta damƙo rigarta. Ta tambaye ta gidansu, yarinya ta nuna gabas ta nuna yamma. Babu kowa a wurin, ga duhu yana shigowa, ga shanu za su dawo, sai ta goya ta zuwa ruga da niyyar a yi cigiya. Da mijinta ya hango tocila a bakin ruwa ya ji ana kiran suna, suka taso.

Umma ta karɓi Nana ta zube a ƙasa da ita. Baba ya kama hannun mijin Dudu ya kasa sakewa. Iya kuwa ta ce a kawo mata yarinyar. Ta shafa fuskarta, ta shafa kunnuwa, ta ƙirga yatsun ƙafa da hannu. Sannan ta ce, "Wannan dai ba turmi ba ce ko?" Dariyar da aka yi rabinta kuka ne.

Ba ta taɓa gaya mana abin da ya sami Ta-Sallah a kan dutsen nan ba. Mun tambaya, ta ce ta manta, wai ai ta gaya mana ita tsohuwa ce.

Bayan an cire albasa Baba ya kai ta asibiti a Kano aka kankare mata yanar ido ɗaya. Ranar da aka buɗe bandeji ta ce a ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da ma'aikaciyar asibitin, "'Yar nan, wace ce wannan? Ku mayar mini da yanata, da ita na fi kyau." Ta ci gaba da gumi wasu shekaru, amma ta ɗauki wata bazawara maƙwabciyarmu suna yi tare. Kuma daga ranar da Nana ta ɓata ba ta ƙara cewa a bar mata yaro ba. Idan wata ta miƙo mata, sai ta ce, "Zan riƙe miki shi muddin kina tsaye a nan. Kina juya baya, ni da shi duk jarirai ne."

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin ranar da Allah ya tsare mana Nana. Sai da na haura hamsin na fara ganin ɗaya gefen. Iya ta yi shekaru tana ba mu dariya da haƙoranta da gwiwarta, abubuwan da ko ba ta faɗa ba kowa yana gani. Wanda yake ba ta tsoro da gaske ba ta taɓa sa shi cikin wasa ba. Yanzu na san yadda ake yin haka, domin ni ma na iya. Ina yi wa abokan aikina a makarantar da nake koyarwa a Kumbotso barkwanci da furfurata da nake rinawa da lalle, da zufar da ke karyo mini ana tsakiyar sanyi har in riƙa fifita da littafin ɗalibai. Suna dariya, ina dariya. Amma na fi wata shida ban gaya wa kowa cewa jiri yana ɗibata idan na miƙe ba, har sau biyu ina samun kaina a ƙasa a kicin.

Watan jiya 'yata Hafsa ta kira ni. Ta sami aiki a cikin gari, tana so ta riƙa kawo mini tagwayenta da safe idan na yi ritaya ƙarshen zangon nan. Ba su daɗe da fara tafiya ba, kuma gidana a bakin titi yake. Ta ce, "Umma, ai ke ba kya gajiya. Na gaya wa babansu babu wanda zan amince wa sai ke."

Na ji daɗin maganar har cikin raina. Bakina ya riga ya buɗe zai ce ta kawo su. Na rufe shi, na ci gaba da riƙe wayar, har ta ce, "Umma, kina ji na?"

Na ce, "Ina jin ki. Hafsa, ba zan iya su biyu ni kaɗai ba. Jiri nake yi. Na faɗi sau biyu ban gaya muku ba."

Muryarta ta canza. "Tun yaushe? Umma, tun yaushe? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ga shi na faɗa. Ki samo wadda za mu riƙa yi tare, ni in zauna in ba da umarni, wannan har yanzu ina da ƙarfinsa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe da sassafe za ta zo ta kai ni a auna ni, kuma kada in kuskura in hau kujera in ce zan ɗauko wani abu kafin ta iso. Na ce to. Na ajiye wayar. Akwai tukunyar da nake so a saman kabad. Na ɗaga kai na kalle ta, na bar ta a inda take.